Malama Aissa da 'Yan Tsakure

Duk Bahaushen da ya zauna Mahjar, unguwarmu ta Jidda, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Kuwaiti, to Malama Aissa ta taɓa raina shi. Ba ta ware kowa ba. Ni Dela da muka yi zaman gida ɗaya, ɗakina na kallon nata, muna ɗiban ruwa a tanki ɗaya, na sha nawa kason safe da yamma. Amma har yau da ƙasa ta rufe mata ido, ban yarda wani ya zage ta a gabana ba.

'Yar Damagaram ce. Ta yi lekol, makarantar boko, har ta zama mai koyarwa a wani ƙauye. Lokacin da fari ya cinye dabbobin mijinta Maman Lawali, sai suka sayar da abin da ya rage suka zo umra, ba su koma ba. Haka akasarinmu muka zo, ba wani abin ɓoyewa ba ne. Shi yana leburanci a wurin gini, ita kuma ta kafa basɗa a Bab Makka, 'yar shimfiɗa a gefen hanya, tana sayar da turaren wuta. A nan Jidda suka haifi 'yarsu tilo, Mariyamu. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka dira wurin ginin, suka kwashi duk marasa iƙama, wato takardar izinin zama, har da Maman Lawali. Aka mayar da shi gida. Yana ta shirin dawowa ciwo ya kama shi, ya rasu can.

Na ga masu turare da yawa a Bab Makka, ban ga mai hannun Aissa ba. Tana da ɗan kasko da garwashi a gabanta. In mai saye ta tsaya, ba ta yi mata surutu, sai ta sa yatsu uku ta tsakuri turaren ta zuba a wuta, ta kau da kai kamar ba ruwanta. Hayaƙi ya tashi, mace ta jawo shi cikin abayarta, shi ke nan an gama ciniki. In kuwa kika taya da wulaƙanci, kallon da za ta yi miki ya ishe ki guzuri har gida.

Mariyamu 'yar fari ce, don haka Aissa ba ta taɓa kama sunanta. Alkunya irin ta mutanen da, wadda 'yan Jidda suka daɗe da jefarwa a shara. Sai dai ta ce "ke", ko ta ce mini, "Dela, ina ɗiyarki?" Ko ciwo yarinyar ta yi, ni ake turowa in tambaye ta jiki. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta ƙaunarta. Ni kuwa na san tana iya kwana da yunwa don yarinyar nan ta ci ƙwai.

Yaron da ba shi da iƙama ba ya shiga makarantar gwamnati. Yaran gidanmu in sun taso daga allo, sai tallan ruwan sanyi a bakin fitilar hanya. Aissa ta ce sam, ɗiyar malama ba za ta bi motar ƙato tana miƙa hannu ba. Ta je haraj, kasuwar gwanjo, ta yi ta tono har ta dace da kwalin littattafan lekol na Faransanci da wasu masu barin gari suka zubar. Ta shafa wa bayan ƙofarta baƙin fenti, ya zama allo. Kullum da hantsi, kafin ta fita kasuwa, sai ta shimfiɗa tabarma ta zaunar da yarinya ɗaya tal, ta tsaya a kanta da alli kamar mai aji cike. Har gaisuwa sai an miƙe an yi mata. Ni ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa ina dariya, tana harara ta.

Lissafi da karatu suna tafiya lami lafiya. Tarihi ne ya tayar da bori. Da suka iso labarin Rumawa, na ji ta ja tsakin da ya fi na kullum tsawo.

"Dela, zo ki ga aikin banza."

Na matsa. Ta fara buɗa shafuka tana dungurinsu da yatsa.

"Nan hanya. Nan gada. Nan kuma gidan wanka. Wai ƙato da gemunsa ya zauna ya cika takarda da yadda masu bautar gumaka ke cuɗa bayansu. Ga wani sarki hancinsa a guntule, an ba shi shafi shi kaɗai. To ga mabiyan Annabi Isa na farko, alaihissalam. Dubi inda aka matse su a lungu kamar kayan wanki."

Ko shafi biyu ba su cika ba, ga hoton da ke ciki wani ya bi shi da baƙar tawada tun kafin littafin ya iso hannunta. Ta fassara mini abin da aka rubuta, tana jan kowane "wai" kamar za ta tsinka shi. Wai sabuwar ƙungiya ce da ta bazu cikin bayi da matalauta da mata da waɗanda ba su yi karatu ba. Wai suna taruwa a ɓoye cikin gidaje. Wai taurin kai ya sa suka ƙi bin dokar ƙasa, shi ya sa hukuma ta hukunta su.

"Bayi, matalauta, mata, masu taruwa a ɓoye," in ji ta. "Ke Dela, wa aka kwatanta in ba Mahjar ba? Kuma abin haushin, jikokinsu ne suka rubuta wannan. Kunyar kakanninsu suke ji, sun gwammace a ce su 'ya'yan mai gada ne. Mutum ya jefa wa zaki ɗan Adam, an yafe masa tunda ya iya jera duwatsu. Tir da hali."

A ƙasan shafin akwai wani ɗan rubutu ƙanana, shi ne ya kama ta bai sake ta ba. Wai akwai lokacin da sarkin Rum ya ce kowa ya zo gaban gunki ya tsakuri turare ya zuba a wuta. Wanda ya zuba, a ba shi takardar shaida ya tafi gida lafiya. Wanda ya ƙi, kurkuku ko abin da ya fi kurkuku. Wasu sun zuba, wasu sun ƙi. Aissa ta ajiye littafin, ta jawo kwalbar turarenta, ta tsakura da yatsu uku ta kai gaban idon yarinyar.

"Kin ga wannan? Iyakarsa ke nan. Ba a ce su kawo raƙumi ba. Wannan suka ƙi, aka kashe su, kuma wani sakarai yana zaune a inuwa yana kiransa taurin kai."

Mariyamu tana 'yar shekara goma sha wani abu a lokacin, siririya mai manyan idanu, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana kallon yatsun uwarta.

Daga ranar aka sami 'yan tsakure a Mahjar. Duk wanda ya sayar da wani abu nasa don takarda, sunansa ke nan a bakin Aissa. Wanda ya laƙa wa kansa sunan uban da bai haife shi ba don a rubuta shi, ɗan tsakure. Matar da ke yin kamar ba ta jin Hausa in ta gamu da mu a asibiti, 'yar tsakure. Ni kuwa da kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini na sami iƙama, ya rubuta ni a matsayin mai aikin gidansa alhali ko tsintsiyarsa ban taɓa gani ba, ni ce shugabarsu. In na shigo sai ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya Tsakure." In ce mata, "Yawwa, Malama. In jawazat suka zo, ki nuna musu kwalbar turare." Sai ta yi tsaki, in yi dariya, mu ci abinci a kwano ɗaya.

Magana ba ta kwana a gidan haya. Wata maƙwabciyarmu Luba, wadda Fatiha ma sai da gyara, ta fara yawo da zancen wai Aissa na mayar da 'yarta Banasariya. Da ya dawo kunnen Aissa, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta same ta a bakin tanki gaban mata.

"Ni Musulma ce ɗiyar Musulmi, ba ke za ki koya mini abin da ya raba mu da Nasara ba. Amma da aka matsa wa sahabbai a Makka, ina suka nufa? Daga bakin tekun nan suka shiga jirgi. Sarkin Habasha ya karɓe su, bai tambaye su iƙama ba. In ba ki sani ba ki tambaya, jahilci ba ado ba ne."

Luba ta ɗauki bokitinta rabi ta wuce. Ni dai ranar na ji daɗi har cikin raina.

Sai dai allon bayan ƙofa ba ya ba da takarda, kuma Aissa ta fi kowa sanin haka. Duk abin da ta ɗura wa yarinyar, in ba ta rubuta jarrabawar ƙasarsu ba, ƙarshenta dai basɗa ce a Bab Makka da gudun 'yan baladiyya masu kwashe kayan talla. Hanya ɗaya ce a garin nan. Akwai wata makaranta a Aziziyya, cikin wani gida mai bene ba ko allon suna, ta wani mutum da ake kira Musye Hamidou. Yana karɓar yara marasa iƙama a asirce, kuma ta hannunsa ake rubuta jarrabawar. Shekarun Mariyamu sun kusa wuce na ajin da za ta shiga. In ba a ɗauke ta a wannan shekarar ba, halas, an rufe ƙofa. Aissa ta yi ta sintiri har ya yarda a kawo yarinyar ya gwada ta da baki.

Ni na raka su, don ni ce mai takarda in an tare motar haya a hanya. Aissa ta ɗauro littattafan a ɗankwali don ya ga inda suka kai.

Musye Hamidou gajere ne mai tumbi, da kwat da laktaye a zafin Jidda, wuyansa na tsiyaya. Irin mutanen nan ne da in sun gan ki da baƙar abaya mai ƙurar kasuwa, sai su yi miki magana suna kallon agogo. Da Hausarsa ras, don ɗan Maraɗi ne, amma ya gaishe mu da Faransanci. Kujera ɗaya ce a gaban teburinsa, bai ce kowa ya zauna ba.

Ya ba Mariyamu lissafi, ta warware. Ya ba ta karatu, ta zuba masa kamar ruwa. Na ga ya cire tabarau ya sake kallonta. Aissa tana tsaye ƙiƙam, fuskarta ba ta nuna komai, amma ina ganin yatsun ƙafarta suna motsi cikin silifa. Sai ya jawo littafin tarihin. Littafin nan ya sha buɗewa a wuri ɗaya har bayansa ya karye, yana ajiye shi a kan tebur ya buɗe da kansa a shafin mabiyan Annabi Isa. Mutumin ya ɗan yamutsa fuska, amma tunda ga shi a gabansa, sai ya yi tambaya. Daga baya aka fassara mini ita: me ya sa Rumawa suka hukunta mutanen nan?

Yarinyar da ba ta magana, ranar ta yi. Ba na jin Faransanci, amma na san muryar Aissa in na ji ta, ko daga bakin wa ta fito. Ta yi ta zubawa, idonta na ƙyalli. Na ga ta ɗaga yatsu uku. Na ji kalmar jawazat ta faɗo a tsakiyar zancen. Musye Hamidou ya miƙe da sauri har kujerarsa ta bugi bango, ya rufe taga, ya leƙa waje, ya mayar da ƙofa. Hausar da ya ɓoye ta dawo masa nan take.

"Madam, kin san garin da muke? Ni a makarantar nan, shafukan nan manne su nake yi da gam kafin in raba littafi. Ta faɗi wannan a aji, yaro ya kai gida, uba ya kai gaba, gobe an ce Hamidou na koyar da addinin Nasara. A rufe ni, a watsa yara, a sa ni a jirgi. Kina so ki kashe ni ne?"

Ina kallonsa ina cewa a raina, ji matsoracin banza, gam ma ya fi ka zuciya. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Aissa ta ce, "Musye, tarihi ne."

"Tarihi shi ne abin da ke cikin littafi." Ya goge wuyansa. "Yarinyar tana da kai, ban musa ba. Zan ɗauke ta da sharaɗi ɗaya. Ta faɗa mini amsar yadda take a rubuce. Sannan ta faɗa da bakinta, a gabanki, cewa abin da ta faɗa ɗazu tatsuniyar gida ce, ba tarihi ba, kuma ba za ta sake faɗinsa ba. In ba haka ba, yalla, ga hanya."

Mariyamu ta sunkuyar da kai, ta haɗa leɓɓanta. Na san wannan haɗa leɓɓan, na uwarta ne. Ta fara tattara littattafan tana mayarwa cikin ɗankwali, a nutse, har da ɗan alfahari. A ganinta abin da aka shekara ana koya mata ne ya zo, kuma ta shirya masa. Ta ɗago ta dubi uwarta tana jiran a yaba mata.

Ni na ɗauka Aissa za ta wanke mutumin nan tas, ta kira shi sarkin 'yan tsakure na Aziziyya da kewaye, mu fita mu bar masa gam ɗinsa. Har na gyara tsayuwa don in taya ta. Na waiga na ga fuskarta ta yi fari fat kamar an shafa mata toka. Tana kallon hannun yarinyar, siririn hannu mai tabon alli.

Ta ce, "Ke, ajiye."

Yarinyar ba ta ajiye ba.

"Magana ce kawai. Faɗi mu tafi."

"Inna, ke kika ce..."

"Mariyamu."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Tun ranar suna nake tare da su, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar, a ofishin wani mai tumbi. Yarinyar ma ta tsaya cak, littafi a hannunta.

"Mariyamu, don Allah ki faɗi."

Ta faɗa. Ta tsaya sak, hannuwa a baya yadda aka koya mata, ta karanto amsar littafin da ka, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan ta faɗi ɗayar maganar. Musye Hamidou ya ce ta maimaita da Hausa don kowa ya shaida, ya nuna ni da haɓa. Ta ce, "Abin da na faɗa tatsuniyar gida ce." Ya yi murmushi, ya ce ta zo ranar Asabar da farar riga. Har ya ce wa Aissa ta yi ƙoƙari. Da ina da abin jifa a hannu, da ban san yadda za mu ƙare ba.

A mota na so in yi barka, bakina ya ƙi.

Washegari da hantsi Aissa ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, wai a yi bita kafin Asabar. Ina bakin ƙofa da farantin shinkafata. Ta ɗauko littafin tarihin, ya buɗe inda ya saba buɗewa. Ta yi gyaran murya, ta dunguri shafin, ta fara da muryarta ta da, amma muryar ba ta zauna daidai ba.

"Dubi dai banzayen nan, wai..."

Mariyamu ta ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, "Inna, bari. Mu ma mun zuba namu."

Aissa ta ajiye allin. Sannan ta rufe littafin. Ba ta iya jefa shi a shara ba saboda sunan Annabi Isa na ciki, sai ta naɗe shi a ƙyalle ta ɗora a saman kabad, bai sake saukowa ba.

Mariyamu ta yi karatunta, ta ci jarrabawa, ta sami takardarta. Yanzu unguwarzoma ce a Yamai, kuma ta riƙe uwarta da mutunci har ƙarshe, ba abin da za a ce ta rage ta da shi. Ni ban ce Aissa ta yi kuskure ba. Da 'yata ce, da tun a bakin ƙofa zan ce ta faɗa. Amma na yi kewar matar da na sani. Daga ranar ba ta sake kiran kowa ɗan tsakure ba. Na yi ta tsokanarta, in shigo ina kaɗa iƙamata a gaban hancinta ko za ta ce Hajiya Tsakure, sai dai ta ce, "Sannu, Dela." Luba ma ta huta da bakin Aissa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ta ci gaba da zama a Bab Makka da kaskonta da garwashinta har ƙafa ta gaza. Sai dai in mai saye ta tsaya tana son jin ƙamshi, Aissa takan tura mata kwalbar gabanta, ta ce, "Zuba da hannunki."